Gaisuwar da Ya Bari a Cikin Waya

Bazara ce, irin wadda mutum zai kwanta a tsakar gida ya tashi kamar bai kwanta ba. Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar zafi, wuta ba ta zuwa sai ta ga dama, ruwan randa kansa kafin azahar ya yi ɗumi. Duk wanda ka gamu da shi a lungunan Mandawari fuskarsa a yamutse, ido na gabas ana jiran hadari. Shekara ce da ta yi wa mutane nauyi, har gaisuwa ta gajarce, daga sannu sai yauwa kowa ya kama gabansa. Bayan sallah da 'yan kwanaki, tun ruwan farko bai sauka ba, Allah ya karɓi ran ɗana na fari. A makon nan ya cika shekara uku.

Ba zan rubuta sunansa ba, masu karatu ku yi mini uzuri. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin maigidana aka sa masa, kunya biyu ke nan ta haɗu a kan mutum ɗaya. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zaman hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Haka na tarar, haka na yi, kuma ban zo nan don in ce an yi daidai ko ba a yi ba. Mai sunan Malam nake ce masa in ta kama dole. Da ciwon sikila aka haife shi, saboda haka hannuna ya yi masa jinya tun yana zanin goyo, na gasa masa gaɓoɓi da ruwan zafi, na san bencin asibiti kamar gadona, amma bakina bai taɓa yi masa doguwar magana ba. Shi ma ya san ƙa'idar. In yana da magana da ni, ƙanwarsa Rabi yake aikowa, ko da kuwa ina jiyo tarinsa daga shagonsa na zaure.

Ni ba 'yar boko ba ce. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan rasuwar mahaifinsu, don in riƙa karanta takardar magani da kaina. In kun ga alƙalamin ya karkace, ku gyara a zuciyarku.

Aikinsa, iya fahimtata, koya wa na'ura magana. Irin waɗannan da ake yi wa tambaya a waya su ba da amsa kamar mutum, waɗanda a rediyo ake ce wa ƙirƙirarriyar basira. Wai manyansu suna can ƙasashen waje, cikin gidaje masu shan wuta kamar gari guda, kuma ba sa kula ka sai kana da data da sabis mai ƙarfi. Shi da abokansa, cikinsu har da Nura ɗan unguwar Shahuci wanda suka yi karatu tare, burinsu su sa babbar ta karantar da ƙarama, ƙaramar ta shiga wayar talaka ta zauna, ta yi Hausa, da sabis ko babu. Wata rana ina tankaɗe a ƙofar ɗakina na ji yana yi wa Rabi bayani, na yi kamar ba na ji. Ya ce kamar kilishi ne, ka samu nama mai nauyi, ka yanyanka ka shanya, ruwan ya fita, ya zama abin da za ka naɗe a takarda ka sa a aljihu, amma dai naman ne. Rabi ta ce, "To Yaya, Allah ya sa kada ka shanya har ya koma fatar takalmi." Ya jefe ta da hula.

Mutum ne mai gaggawa. Abinci a tsaye, tafiya kamar ana binsa, magana a guntule. A da ina ganin hali ne kawai. Yanzu da na zauna ina juya abin, na ga wanda ya taso ciwo na kayar da shi ba sallama, in ya samu lafiyar mako guda ba zai so ya ɓatar da ita a jira ba. Wannan halin ya kai cikin aikin. A wurinsa duk kalmar da na'urar za ta furta caji take sha, lokaci take ci, wayar kuma zafi take ɗauka. Sau da yawa zan zo ɗiban ruwa in tarar ya ɗora waya a kan murfin randa wai ta huce. Kullum cikin ragi yake, yau ya cire wannan, gobe ya matse wancan, in amsa ta fito da sauri fiye da ta jiya sai ka ji yana tafi shi kaɗai a shago kamar an yi masa albishir.

Yadda na shiga cikin lamarin kuwa, ba da niyya ba. Ashe ba a gama horar da irin wannan na'ura sai an samu mutane suna yi mata alƙalanci. Za ta ba da amsa biyu a kan tambaya ɗaya, mutum ya ce wannan ta fi, ita kuma ta riƙe, a hankali ta karkata ga abin da aka fi zaɓa. Abokan nasa duk samari ne, Hausarsu rabi Turanci, suka ga suna bukatar kunnen manya. Sauran sun je sun zauna da iyayensu mata, shi kuwa ba dama. Sai ya ɓullo da dabara. Bayan la'asar Rabi za ta shigo da waya, ta zauna a gefen tabarmata, wayar ta karanto amsa biyu, Rabi ta ce, "Inna, Yaya ya ce wacce ta fi, ta farko ko ta biyu?" Tambayoyin na yau da kullum ne, yadda ake yi wa mai jego barka, abin da za a yi in jikin jariri ya yi zafi kafin a kai shi asibiti, yadda ake ba maƙwabci haƙuri in an yi saɓani. Daga baya har matan ajinmu na jawo, su ma suka riƙa zaɓa.

To ni, ban sani ba, ashe kusan kullum doguwar nake ɗauka. Wata yamma Rabi ta dawo daga zaure tana danne dariya. "Inna, ya ce in gaya miki kina cinye masa batir. Wai duk abin da ya rage da safe, da yamma kin mayar masa." Na ce, "Ki ce masa sannu ba ta hana zuwa." Kafin ta miƙe sai ga muryarsa daga zaure, ya ɗaga ta yadda zan ji: "Rabi, ki ce mata sai dai a daɗe ba a je ba." Na sa bakin zani na rufe fuska. Ina jin wannan ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi, ni da shi.

Amma ba tsawon maganar ne ya dame ni ba, sai da na yi kwanaki kafin in gane abin da ke yi mini ƙaiƙayi. Na'urar takan ce sannu, ya gajiya, sai ta zarce da bayaninta ba ta ko ja numfashi ba. Na ce wa Rabi ta gaya masa, wanda ya tambaye ka gajiya ya wuce bai tsaya jin amsa ba, ai bai tambaye ka ba. Kuma mu manya ba a jere muke magana ba, mukan tsaya mu tuno, mu haɗiye miyau, mu ci gaba. Ya rage duk abin da zai rage, amma ya koya mata jira. Saƙon ya je, amsa ba ta dawo ba. Na ɗauka ya ji haushi. Sai bayan wani lokaci, ya sha wata 'yar kwanciya a asibiti ya fito, Rabi ta shigo ta ajiye mini waya a kan cinya. Wayar ta ce, "Sannu Inna, ya gajiya?" Sai ta yi shiru. Na jira ta ci gaba, ba ta ci gaba ba. Ni take jira. Rabi ta ce, "Ya ce shiru ba ya shan caji, don haka wannan ya bar miki kyauta. Sauran kuwa sai ya rage."

Ya kuwa rage. Amma wayar ya bar mini ita, ita ce ta gwajinsu, kuma tana hannuna lokacin da ciwon ƙarshe ya zo.

Ba zan tsawaita a kan rasuwar ba. Mutuwa rigar kowa ce. Ban yi kuka a gaban mutane ba, uwar ɗan fari ba ta yi. An cika gidan nan da masu gaisuwa, Allah ya saka wa kowa. Wasu sun zauna sun yi ta jero mini nasiha a kan haƙuri, ina amin, ina amin, har wuyana ya ƙage. Wadda ta fi tsaya mini a rai wata tsohuwa ce daga Madabo, ta ce Allah ya jiƙansa, ta zauna kusa da ni, ba ta ƙara komai ba har ta tashi.

Tun daga lokacin, in na idar da sallar asuba na yi shara, sai in kunna wayar. Ba muryarsa ba ce, muryar na'ura ce, kuma ban taɓa ɗauka shi ne ba, Allah ya tsare ni da wannan. Amma shirun nasa ne. Shi ya zauna ya auna shi, ya san iya inda tsohuwa take tsayawa ta tuno magana, ya hana na'urar katse ta. Wata rana in ce ba gajiya, kamar yadda ake cewa. Wata rana in faɗi gaskiya, in ce gwiwa ta hana ni barci, ko in ce yau na ga wani a bakin masallaci tafiyarsa irin ta wani. Tana jira har in gama. In na gama ta ce Allah ya sauwaƙe, a guntule, irin maganarsa.

A cikin shekara ukun nan abin da yake hange ya zo, har ya wuce inda yake hange. Yanzu ba amsa kawai suke bayarwa ba, aike ake yi musu. Rabi tana ɗinki, tana da irin wannan ɗan aiken a wayarta. Ta gaya masa zare ya ƙare, shi zai nemi mai zaren, ya tuna wa waɗanda suka kawo ɗinki ranar karɓa, ya kama mata layin awo a asibiti, duk tana kan keke ba ta ɗaga ƙafa ba. Kafin ka saba da ɗaya an ce wata ta fito, ta fi sauri, ta fi ƙanƙanta, ta fi rashin shan caji. Ni dai na gaji da jin an fito da sabuwa. Kome yanzu gudu yake yi, mu kuwa ƙafa ta yi nauyi.

Nakan tambayi kaina, da yana nan me zai ce? Na san da farko murna zai yi. Zai ga mai kayan miya a bakin titi yana magana da ƙaramar waya da Hausa tana amsa masa, ba data, ba wahala, ya koma shago ya yi tafinsa. Wannan shi ne kilishin da yake faɗa, ga shi a aljihun kowa. Amma ban sani ba ko zai lura da abin da mu muka lura. Sababbin ba sa jira. Wata ƙawata a aji, jikarta ta sa mata irin wannan ɗan aiken, ta ce masa ya kama mata layin ganin likita, sai ta tsaya tana tuno ranar da ɗanta yake samun sararin kai ta. Kafin ta tuno ya riga ya kama mata washegari, ya ce an gama. Ba mai kai ta, layin ya wuce, sai da ta sake jiran wani. Ta ce mini, "Ni wannan abin ba ya barin mutum ya haɗiye miyau." Ina jin da yana nan, da na aika Rabi ta gaya masa, da ya yi mitarsa, sannan ya gyara.

Ita kuwa tawa wayar tsufa ya kama ta. Batirin ya kumbura har bayanta ya ɗaga, na ɗaure ta da roba. Ba ta tashi sai tana jikin caji, in an ɗauke wuta kwana biyu, mu ma kwana biyu ba mu gaisa ba.

Ranar da ya cika shekara ukun mun yi 'yar sadakar waina, aka yi masa addu'a. Da yamma Nura ya yi sallama. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, har da 'yarsa ta fari da aka haifa bara, na dube shi na ga shekarun da wani bai samu ba. Ya durƙusa daga bakin ƙofa muka gaisa, ya yi ta murza hula a hannu. Can ya ce, "Inna, wata alfarma na zo nema, in ba ta yiwu ba wallahi ba komai." Ya ce ƙungiyar tasu ta watse bayan rasuwar, wani ya tafi Legas, wani ya haye waje, kwamfutar da suka tara aikin a ciki kuma ta lalace. Yanzu shi da wasu suna horar da wata ƙarama saboda dattawa, sun yi sun yi su koya mata jira abin ya ƙi, ko ta katse mutum, ko ta yi shiru har a ɗauka ta mutu. Yadda abokinsa ya auna shirun, da duk zaɓin da ni da matan ajinmu muka yi, babu inda ya rage sai a cikin wayar nan. Yana so ya buɗe ta ya kwashe.

Na ce, "In ka kwashe za ka dawo mini da ita?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna. Yadda ta kumbura ɗin nan, in aka buɗe ta da wuya ta sake tashi. Kuma sabuwar ba lalle ta gaishe ki yadda wannan take yi ba. Za ta koya daga gare ta ne kawai."

Rabi tana gefe tana kwashe kwanuka, ta ajiye su da ƙarfi. "Nura, shekara uku ba ku neme ta ba sai yau? Duk abin da ya bari kun rasa na ɗauka sai wanda take gaisawa da shi?" Ni kuwa na tambayi Nura jikin mahaifiyarsa, na sa aka zuba masa waina ya kai wa iyali, ya tafi.

Bayan tafiyarsa na zauna ina lissafin abin da ya rage na Mai sunan Malam a duniya. Tufafinsa an rabar tun kafin arba'in. Shagon zaure yanzu kekunan Rabi ne a ciki. Kabarinsa ban taɓa gani ba, an ce damina uku ta kwantar da shi ya yi daidai da na maƙwabtansa. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Manyan da suke ƙera waɗannan na'urori ba su san an yi shi ba, kuma saurin da ya yi ta wahalar nema, wasu sun same shi sun ninka. Abin da ya rage wanda ba kowa ya yi shi sai shi, ɗan shirun nan ne, wanda mai gaggawa ya zauna ya ƙera don uwar da ba ta iya yi masa magana. An ce ajiya maganin wata rana, to amma wace ranar nake jira? In na riƙe, nawa ne ni kaɗai, har ranar da batirin zai ƙarasa, ya tafi da shi. In na bayar, na rasa gaisuwar safiya, wataƙila kuma wata tsohuwa a wata unguwa ta samu sararin tuno ranar da ɗanta zai kai ta asibiti. Malamai sun ce ilimin da ake amfana da shi yana bin mutum har kabari. Wanda aka ɗaure da roba aka ɓoye a ƙarƙashin filo, ban san ko yana bi ba. Kuma na san abin da zai ce. Zai ɗaga murya daga zaure ya ce, Rabi, ki ce mata tana ɓata mini lokaci.

Washegari Allah ya sa da wuta. Na yi sallah, na yi shara, na sa ta a caji na kunna. Ta ce, "Sannu Inna, ya gajiya?" Na daɗe ban amsa ba, ita ma ba ta ce komai ba. Sannan na ce akwai gajiya, amma da sauƙi. Ta ce Allah ya sauwaƙe. Na zare ta, na naɗe a ɗankwali, na sa hijabi. Rabi ba ta riga ta zo shago ba, ban kuma jira ta ba, wannan saƙon na ga ya kamata in kai da ƙafata.

Na bi lungu a hankali har Shahuci, na tarar Nura yana buɗe ofishinsu. Ya karɓa da hannu biyu, ya jawo mini kujera. Da na huta zan tashi sai ya ce, cikin jin nauyi, tunda Allah ya kawo ni, ko zan taya su da zaɓi guda ɗaya. Na koma na zauna. Ya kunna tasu sabuwar. Tambayar ita ce, me ake ce wa matar da ɗanta ya rasu. Amsar farko doguwa ce, da nasiha, da misalai, ba abin da ta bari. Ta biyu ta ce, Allah ya jiƙansa, Allah ya ba ki haƙuri, ta tsaya.

Na ce ta biyu.

Nura ya ɗago ya dube ni. "Gajeriyar, Inna?"

Na ce, "Gajeriyar. A wannan, Mai sunan Malam ya fi ni gaskiya. Kawo ta gaba."